Yadda Dubai Ta Koya Mini Yabon Kai

Kalmar Ingilishi ta farko da na koya a Dubai ita ce "tomorrow", kuma abin takaicin, a bakin ɗan ƙasarmu na koye ta.

Alhaji Sabo ke nan, mutumin Maraɗi, mai wani ɗan akurkin ofis a Deira, saman shagon takalma. Shi ya yi ta aiko mini da saƙo har Damagaram, wai wata makarantar 'ya'yan masu hali tana neman malamar Faransanci ido rufe, in taho kawai, kujera tana jirana. A kan maganarsa na ajiye alli bayan shekara da shekaru ina koyarwa a kwalej, na kai 'ya'yana biyu, marayu, wurin mahaifiyata, Inna. Diraktan lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, da na je yi masa sallama cewa ya yi, "Madam Hadiza, ki sake tunani, don kina fita zan ba wata ajinki." Na ce ya ba ta. Ya kuwa ba ta tun ban hau jirgi ba.

Da na sauka na nemi ofishin Alhaji Sabo, na same shi yana cin shinkafa da hannu, fasfo ɗin mutane zube a gefen kwano. Ko kujera bai nuna mini ba. Ya ɗago kai, maiƙo har gemu, ya ce, "Madam, sannu da hanya. Maganar makaranta, tomorrow, inshallah."

Wannan kam ban nemi tafinta ba, na san gobe ake nufi. Gobe ta yi, na wanke ƙafa na koma. Ya ce tomorrow. Na sake komawa, ya ƙara mini da sabuwa, "no problem", wato babu damuwa. Mutumin nan da Hausa muke magana, Hausa tsantsa, amma duk sanda zai shara ƙarya sai ya sauya harshe, sai ka ce mala'iku ba sa rubuta Ingilishi. Sai da takalmina ya san kowace matattakala ta benen nan, kafin wata rana ya ce mini, yana sakace haƙori, ai makarantar ta ɗauki wata 'yar Maroko tun tuni.

"To ni fa, Alhaji?"

"Ke ma Allah zai kawo naki. Sai dai ki hanzarta, bizar ziyara ce a hannunki. In ta ƙare ba ki sami wanda zai yi miki ta aiki ba, sai gida."

Na dube shi sama da ƙasa. Ban zage shi ba, don ya girme ni, amma tsakin da na ja sai da mai shagon takalma ya leƙo. Na sauko daga benen nan da magana ɗaya a kaina: ko in sami aiki kafin bizar nan ta mutu, ko in koma Damagaram hannu rabbana, ba aji ba alli, in zauna a ɗakin Inna ina kallon 'ya'yana suna kallona.

Masauki na samu a International City, can bayan gari, kusa da wata ƙatuwar kasuwar 'yan Sin. Jin sunan sai mutum ya ɗauka wani abin kirki ne. A nan na koyi "bed space". Bed gado ne, space kuma wuri. In an haɗa su, ana nufin ba ɗaki kika kama ba, daidai inda jikinki zai kwanta kika kama. Gado ne mai hawa biyu, ni a sama, hancina da silin kamar za su gaisa. Wallahi akuyar Inna ta fi ni fili.

A ƙasana kuwa Anti Memuna ce, Bahaushiyar Zangon Kumasi, mai kitso a wani shagon gyaran gashi. Doguwar mace, kakkaura, wadda ba ta san raɗa ba. In ta ce za ta gaya miki sirri, har na ɗakin gaba sun ji. Ranar farko ta ga ina tura busasshen burodi da ruwa. Sai kawai ta miƙo mini kwanon shinkafa da wake da wani baƙin yajinsu na Gana mai kifi, ta juya mini baya don kada in ji kunya. Har yau in na ji ƙamshin yajin nan sai idona ya kawo ruwa.

Ita ta raɗa mini suna Madam Faranshi, ita kuma ta ɗauki nauyin Ingilishina. Ajinmu cikin bas ne, ko bakin murhu ranar hutunta.

"Ei, Madam Faranshi, in mai shago ya ce miki 'my friend', me ya ce?"

"Abokiyata."

"To ki riƙe jakarki da kyau, tsada zai yi miki. In ya ce 'sister' fa?"

"'Yar'uwa."

"Wannan bai san sunanki ba ne, kuma ba ya son ya sani."

Haka muka yi ta bin su. "Excuse me" neman afuwa ce, amma a metro, jirgin ƙasan cikin gari, ba mai faɗinta sai ya riga ya sa miki gwiwar hannu a haƙarƙari. "Sorry" tana zuwa bayan an take miki ƙafa, mai takawar kuma ba ya waiwaye. "Wait" jira ce, sai dai ba a faɗinta sai an tattara yatsu an girgiza miki a fuska ana shwaiya shwaiya, kamar ana yi wa kaza tayin tsaba. Ni dai ban ga harshe a nan ba. Ingilishin Dubai kwaɗo ne: ɗan Indiya ya zuba nasa, ɗan Filifin ya zuba nasa, Balarabe ya barbaɗa yalla da khalas, a juya a miƙo maka, kowa kuma yana hura hanci wai shi ya iya. Ga gari ba gaisuwa. Mutum zai ce maka "how are you", kafin ka buɗe baki ka ce lafiya lau ya kai ƙarshen layi. Na tambayi Anti Memuna, to don me suke tambaya in ba sa son amsa? Ta ce ba tambaya ba ce, gyaran murya ne kawai.

Duk da rainin da na yi wa harshen, ban daɗe ba na kama shi, don ni ba ƙwaƙwalwar kifi gare ni ba. Kun ji ko? A da ko wannan 'yar maganar ba za ta iya fita daga bakina ba.

Bizata ta yi nisa sosai lokacin da wata mai zuwa kitso ta gaya wa Anti Memuna cewa wani ɗan asibitin kuɗi a Deira yana neman tafinta, saboda marasa lafiyar da ke zuwa daga Nijar da Mali da Cadi. Faransanci suke so, da Hausa, da ɗan Ingilishi. Anti Memuna ta shigo ɗaki tana taka rawa, ta ce wannan aiki da sunana aka yanka masa rago.

A ɗakin jira na tarar da wata 'yar Kano, sa'ar waɗanda na koyar a shekarun farko. Farce zaƙo-zaƙo, gashin ido kamar tsintsiya, tana taunar cingam ƙas-ƙas. Na gaishe ta. Ta ce sunanta Zainab, amma Zee ake ce mata, ita ma aikin take nema. Na ce madalla, na tambaye ta da Faransanci a ina ta yi karatu. Ta yi fari da ido ta ce, "Oui, oui, merci." Na sake tambaya a hankali, kalma-kalma. Ta ce, "Bonjour." Can ta koma Hausa, ta ce ai ta sha raka yayarta Kwatano saro atamfa. Na kawar da kai don kada dariya ta kuɓuce mini. Har tausayinta na ji, wallahi.

Ni aka fara kira. Mai ɗaukar aikin wani ɗan Indiya ne mai furfura a gefen kunne. Ya girme ni, don haka na ɗosana a bakin kujera, na sunkuyar da kai yadda aka hore ni.

Ya ce, "You speak French?" Wai ina jin Faransanci?

Na ce, "A little." Kaɗan.

Ya ce ya ji na yi koyarwa, to na ƙware ke nan?

Na ce, "Small small, alhamdulillah."

Ya yi shiru yana jiran ƙari. Ni ma na yi shiru, ina jiran ya gwada ni, ya kira wani mu yi magana ya ji da kunnensa. Ai haka ake yi. Mai hankali in ya ji babbar mace ta ce kaɗan, ya san da sauran magana a ƙasa. Wannan bawan Allah sai ya dubi agogo ya ce, "We will call you," za mu kira ki. Har godiya na yi masa.

Ina gyara mayafi a bakin ƙofa Zee ta shiga. Bangon gilashi ne, ana jin komai. Yarinyar nan ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ta zuba wa dattijon nan ido cikin ido, ta ce, "I am fluent. French, Hausa, English, everything. I am the best." Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na ji mutumin yana dariya yana cewa very good, very good. Na ce a raina, Allah wadan wannan fitsara, yanzu zai gano ta.

Da na koma na ba Anti Memuna labari, ludayi ne a hannunta, ta sake shi cikin tukunya.

"We will call you? Asem oo! Madam Faranshi, korar ki ya yi da ladabi. Me kika ce masa?"

Na gaya mata.

"A little? Ke da ko mita za ki yi da Faransanci kike yin ta? Mutanen nan in kin ce kaɗan, kaɗan ɗin suke ji. Ba su da lokacin tono."

"To me zan ce, Anti? In ce na iya? Da bakina?"

"Da bakin wa za ki ce, na maƙwabta?"

Abin yana da dogon tarihi. Ina 'yar ƙarama a lakwal na taɓa zuwa ta ɗaya a ajinmu. Na sheƙo gida da gudu, tun daga zaure nake ihu, "Inna, na fi kowa! Na fi kowa!" Inna tana tankaɗe. Ta ajiye rariya, ta kai mini bayan hannu a baki, ta sa na tofar da yawu a ƙasa. Ta ce, "Ba a faɗa. Kina so ki jawo wa kanki kambun baka? Wanda ya faɗi nasa da bakinsa, ya nuna ba shi da mai faɗa masa ke nan. Ki yi shiru, mutane su faɗa." Da yamma ta dafa mini ƙwai ni kaɗai. Ina ci ina jin maƙwabciyarmu tana yabona ta katanga, Inna kuma tana ce mata, "Wa? Wannan? Ai ba abin da ta iya sai ɓarna." A haka na tashi, a haka na tashi nawa 'ya'yan, kuma har gobe ban ga aibinsa ba.

Ba a kira ni ba. Zee aka ɗauka.

Daga ranar Anti Memuna ta sauya darasi. Ta ce "fluent" shi ne harshe ya riƙa zuba ba gargada, kamar an kunna famfo. "Experience" daɗewa ce a kan aiki har hannu ya faɗa. "I can", na iya. "Confident" kuma, in ji ta, mutumin da ya yarda da kansa, yake kallon kowa cikin ido. Na ce mu a garinmu wannan mara kunya muke ce masa. Ta ce to a nan shi ake ba biza.

Ta tsayar da ni gaban madubin ƙofar banɗaki, sauran matan ɗakin suna leƙowa daga gadajensu.

"Ce 'I am very good.'"

"I am..."

"Ehen?"

"I am trying."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Trying, wato ina dai ƙoƙari. Muka sake, muka kuma sakewa. Kalmomin nan ba wuya gare su ba, yaron goye ma zai faɗe su. Amma da sun zo maƙogwarona sai in ji bayan hannun Inna a leɓena. Anti Memuna ta ce ko wadda ake cire wa haƙori ta fi ni sakin baki.

Ana cikin haka aka ji labarin wani kamfanin kago a Muraqqabat, masu aika kayan 'yan kasuwa zuwa Bamako da Abijan da Yamai, suna neman wadda za ta riƙa magana da masu kaya. Lokacin bizata tana gargara, na daina ma duba ranar da ke jikinta. A nan dabara ta faɗo mini, kuma har yau ina ganin dabara ce mai kyau, garin ne ba shi da tarbiyya.

Na ce, "Anti, a gida in mutum yana neman aure ko aiki ko gona, shi yake zuwa ya faɗi halinsa? Ai babba ake turawa ya faɗa. Ki raka ni. Ke ki faɗa, ni in zauna."

Ta dube ni, ta dubi silin. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin an yi haka a Dubai ba. Amma Anti Memuna mace ce mai son taro. Ta nemi izini a wurin aikinta, ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa biki.

Mai kamfanin Balarabiya ce daga ƙasashen Sham, siririya, da tabarau a tsakar ka, wayoyi biyu suna ta ƙara a gabanta. Muka shiga mu biyu. Na zauna na sunkuyar da kai. Anti Memuna kuwa ta ƙi zama, ta gyara tsayuwa, ta dafa kafaɗata, ta fara da Ingilishinta na Kumasi. Kai jama'a! Ta ce wannan da kike gani malamar malamai ce. Ta ce Faransawa da kansu in suna gardama a kan kalma, ita suke bugo wa waya. Ta ce na koyar da likitoci, na koyar da matuƙan jirgi, ba na fushi, ba na gulma, ba na cin abinci da yawa. Ko zabiya a gidan biki iyakar abin da za ta yi ke nan. Ni kuwa daɗi ya cika ni, don tun da na sauka garin nan ranar ce aka fara yin abu bisa tsari.

Balarabiyar ta saurara har ƙarshe. Sannan ta sauko da tabarau kan hanci ta ce, "A cikinku wace ce take neman aikin?"

Anti Memuna ta nuna ni.

"Kurma ce?"

"A'a, madam, kunya ce. Mutanen ƙasarsu..."

Ta ɗaga mata hannu. Ta ce, "Habibti, ni kwantena nake aikawa. Kwantena tana makara. In ta makara, namiji ne zai bugo daga Bamako yana zage-zage. Ranar zan aika a ɗauko ki daga ina, ki zo ki yi mata magana?" Sannan ta juyo gare ni. "Come tomorrow. Alone." Wato in dawo gobe, ni kaɗai. Ta ƙara da cewa in taho da bakina.

Tomorrow! Na fito ina huci. Na ce wa Anti Memuna ai na san wannan kalmar, Alhaji Sabo ya karantar da ni ita har na haddace. Ta ce mai yiwuwa, amma Alhaji Sabo bai taɓa cewa alone ba. Ta wuce wurin aikinta a makare, ni kuma na nufi tashar metro ta Al Rigga.

Wa zan gani a bakin tashar in ba Zee ba, sanye da rigar asibitin nan, da katin aiki rataye a wuya, tana shan wani abu da tsinke. Na so in kauce, ta riga ta gan ni.

"La, Anti Bonjour! Ina wuni? An dace kuwa?"

Na ce da sauƙi. Na kasa haƙuri na ce, "Zainab, tsakaninki da Allah, yaya kike yi da marasa lafiyar nan?"

Ta yi dariya. "Waya mana, Anti. In sun faɗa in danna, ta fassara mini. Rabinsu ma Hausa suke ji. Kuma ina koya, yanzu na san ciwon kai da ciwon ciki."

"Ba ki ji tsoron Allah ba, kika ce kin iya?"

Ta cire tsinken daga baki, ta dube ni, ba ko alamar kunya. "To Anti, ni ban iya ba na ce na iya. Ke kin iya kika ce ba ki iya ba. A cikinmu wa ya faɗa wa mutumin nan gaskiya?"

Yarinyar da ba ta san ko bihim ba, mai gashin ido na aro, ita ce za ta tsaya a titi ta ɗaure ni da magana! Na ce mata Allah ya shirye ta. Ta ce amin, mu duka. Na shiga jirgin nan raina a ɓace, har na sauka ban daina ƙuna ba, kuma abin da ya fi ƙona ni shi ne na rasa amsar da zan ba ta ko a zuci.

Washegari na koma Muraqqabat ni kaɗai. A cikin lif na yi ta istigfari, na ce Allah ka gani, ba halina ba ne, 'ya'yana ne. Balarabiyar tana nan da wayoyinta. Ta ce in zauna. Na zauna har cikin kujera. Ɗago kai na dube ta cikin ido ya fi mini ɗaukar buhun gero nauyi, amma na ɗago.

Ta ce, "You speak French?"

Na ji leɓena yana zafi. Na ce, "Yes. I am fluent."

Ta yi shiru, irin shirun ɗan Indiyan nan. Wannan karon ban jira a tono ni ba. Na ce, "I have experience. I can do this work. I am very good." Sai na ji bakina ya ƙi tsayawa, ya zarce da kansa: "I am the best." Maganar Zee ce, ko wasali ban sauya ba. Ji na yi kamar zanena ya kwance a tsakiyar kasuwa. Yawu ya taru a bakina, na rasa inda zan tofar, na haɗiye.

Balarabiyar ko a jikinta. Ɗaya daga wayoyin tana ƙara, ta duba, ta miƙo mini ta ce, "Yalla, ga Bamako nan." Wani mai kaya ne, yana ta surfa masifa a kan kwantenarsa. Na bar shi ya sauke, sannan na gaishe shi da Faransanci yadda ake gaida mutum, na tambayi iyali, na tambayi kasuwa, na gaya masa ranar da ta ce jirgin ruwa zai iso. Muka rabu yana sa mini albarka. Balarabiyar ta karɓi wayarta ta ce, "Khalas. Kawo fasfo."

Shi ke nan fa. Abin da na yi ta wahala a kansa, ashe 'yan kalmomin nan ne kuɗinsa. Anti Memuna ta yi guɗa har mai gadin bene ya hawo. Ni ban yi guɗa ba. Na hau gadona na juya wa bango fuska, ina jin daɗi ina jin ƙyamar kaina, duka a lokaci guda.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne abin yana zama jiki. A kamfanin nan kullum sai an faɗa. Sabon mai kaya ya shigo, a ce masa we are the best. Balarabiyar ta tambayi wa zai iya kaza, in riga kowa cewa I can. Da fari ina istigfari bayan kowace ɗaya. Daga baya na koma yi a dunƙule in na idar da salla. Daga baya kuma ban san ranar da na daina ba. Na bar gadon sama na kama na ƙasa a Muraqqabat, 'ya'yana suka koma lakwal da sababbin takalma. Na haɗu da Alhaji Sabo a hanya ya washe baki zai gaishe ni, na ce masa tomorrow na wuce.

Wata Juma'a bayan la'asar na kira gida. Na gaisa da yara, sannan aka kai wa Inna wayar. Muka gaisa, ta tambayi zafi, ta tambayi Memuna, don ta san ta a baki. Can ta ce, da muryar nan tata ta mai lallashi, "To ya aikin? Kina dai ɗan taɓawa ko? Suna haƙuri da ke?"

Ban yi tunani ba. Wallahi ban yi tunani ba. Na ce, "Haƙuri kuma, Inna? Ai duk kamfanin nan ba wanda ya kai ni. Na fi kowa iyawa."

Da Hausa na faɗa, ba da Ingilishi ba.

Wayar ta yi tsit. Ina jin kukan akuya a tsakar gidanmu, ina jin muryar ƙaramin ɗana can nesa. Na ɗauka layin ne ya yanke, na ce, "Inna? Kina ji na?"

Sai na ji ta tofar da yawu a ƙasa, a madadina. Sannan ta ce a hankali, "Baiwar Allah, ina jin ki. In kin gama, ki ba Hadiza wayar."